Gilbat Wayit Na Selbon, Mai Lura Da Halittun Allah

Babu yaron da ya tashi a ƙasar Jega, ko Aliero, ko Maiyama, wanda bai san kurege ba. Mun san shi a gonar gyaɗa, inda yakan tone abin da manomi ya shuka. Mun kuma san shi a tatsuniya, inda kullum yake yi wa kura wayo. Amma da za a tsai da ɗayanku a tambaye shi da wane lokaci kurege yake fitowa daga raminsa, ko yaya yake riƙe gyaɗa in zai ɓare ta, da sai a ga ya yi shiru. Dalili kuwa, da mun hango shi sai mu kai hannu ga dutse ko danƙo, shi kuwa ya ranta a na kare. Yau za mu ba ku labarin wani Bature wanda ya ajiye bindigarsa, ya zauna ya lura da kurege da ɓera da tana da tsuntsayen lambunsa har shekara arba'in da 'yan kai. Abin da ya rubuta a kansu ana karanta shi har yanzu.

An haifi Gilbat Wayit ran 18 ga watan Yuli, 1720, a wani ɗan ƙauye da ake kira Selbon, a kudancin Ingila, kimanin mil 50 daga birnin Landan. Don ku gane daɗewar abin, sai bayan shekara 34 da haihuwarsa aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Garin Jega kuwa sai bayan Jihadi aka kafa shi. Kakan Gilbat shi ne limamin majami'ar Kirista ta ƙauyen, sunansa kuwa yaron ya ci. Ubansa lauya ne. Gilbat shi ne ɗan fari, da ƙanne da yawa a bayansa.

Selbon lungu ne ƙwarai. Hanyoyin shiga garin ruwa da ƙafafun keken doki sun cinye su, sun zama kamar kwazazzabai, har in hunturu ya yi tsanani da ƙyar ake shiga ko fita. A bayan garin akwai wani tudu mai tsawo wanda itatuwa suka rufe. Mutanen wurin manoma ne da masu ƙodago. Sa'ad da Gilbat ya ƙidaya su da kansa a 1783, ya sami mutum 676 duk da ƙauyukan gefe. A wannan ɗan wuri ya yi yawancin rayuwarsa.

Da ya gama makarantar yara, sai aka aika da shi babbar jami'ar Oksfod a 1740. Ya sami digirinsa a 1743, kashegarin shekara kuma aka zaɓe shi cikin malaman kwalejinsa. A 1749 aka naɗa shi cikakken limami bisa ga addininsu. A lokacin samartaka yana da son farauta, ya kuwa iya harbi, ya kashe tsuntsaye ba kaɗan ba. Amma a hankali ya gane cewa mataccen tsuntsu ba ya gaya wa mutum yadda yake kuka, ko yadda yake gina sheƙa, ko abin da yake ba 'ya'yansa. Daga baya ba ya ɗaukar bindiga sai in yana bukatar ya duba jikin wani tsuntsu kurkusa.

Mai ilmi irin nasa yana da hanyar samun girma da dukiya. A 1757 ya nemi shugabancin kwalejinsa a Oksfod, aka zaɓi wani, shi ya faɗi. Bayan wannan an yi masa tayin limancin waɗansu garuruwa masu albashi mai tsoka, amma duk wanda zai raba shi da Selbon sai ya ƙi. Limancin Selbon kuwa ba shi da damar samu, gama wata kwaleji dabam ce take da ikon naɗa limamin garin, kuma nata take naɗawa. Saboda haka ya yarda ya zauna na'ibi, da ɗan albashi kaɗan, yana hawan dokinsa zuwa wani ƙauye na kusa ya yi musu hidima ya komo. Abokan karatunsa suka zama manyan mutane a birane, shi kuwa yana nan ƙauye yana shuka kankana da kokwamba da dankali. A 1763 ya gaji gidan da ya tashi a ciki, da babban lambu a haɗe. Bai taɓa yin aure ba, amma gidan ba ya rabuwa da 'ya'yan ƙannensa, waɗanda yawansu ya haura 60.

Tun a 1751 ya ɗauki wani littafi ya fara rubuta abin da ya shuka, da ranar da ya tsiro, da ranar da ya yi fure. Daga 1768 ya faɗaɗa aikin. Kowace rana yakan rubuta inda iska ta fito, da zafi ko sanyin da ma'auni ya nuna, da tsuntsun da ya fara gani ko ya fara jin kukansa a wannan shekara, da ƙwaron da ya fito. Daga baya ya haɗa da auna ruwan sama. Wata rana layi ɗaya ne kurum, wata rana biyar. Bai bar wannan aiki ba sai 'yan kwanaki kafin rasuwarsa. Da yayyafi kogi kan cika: waɗannan 'yan layuka su ne suka taru suka zama ilmin da ya sa aka san shi.

To, bari mu soma da kurege. Kuregen Ingila ba irin namu ba ne. Namu mazaunin ƙasa ne, yana da farin zane a kowane gefen cikinsa, a rami yake kwana. Nasu ja ne, a bisa itace yake zama, yana yin sheƙa da ƙirare kamar tsuntsu. A ƙasarsu akwai wani ɗan itace mai ɓawo mai tauri, girmansa kamar gurjiya, da ƙwaya mai daɗi a ciki. Gilbat ya lura halittu uku ne suka fi cin wannan ɗan itace, kuma kowace da yadda take buɗe shi. Kurege yakan kankare tsinin da haƙori, sa'an nan ya tsaga ɓawon gida biyu da dogayen haƙoransa na gaba, kamar yadda mutum zai yi da wuƙa. Ɓeran daji yakan huda ɗan rami kewayayye sumul, ƙarami har mutum ya yi mamakin yadda ya fid da ƙwayar ta nan. Na uku wani ɗan tsuntsu ne mai hali irin na maƙwaƙƙwafi. Shi ba shi da hannun riƙewa, saboda haka sai ya soke ɗan itacen cikin tsagar ɓawon bishiya, ya yi ta sara da baki har ya fasa shi kaca-kaca. Kun ga ke nan, wanda ya san wannan, in ya tsinci ɓawo a ƙasa zai faɗi wanda ya ci, ko da bai ga ɓarawon ba.

Har wa yau ya rubuta labarin wani yaro na ƙauyen da ya ɗauko 'ya'yan kurege uku daga sheƙarsu, ya kai wa wata kyanwa wadda 'ya'yanta suka mutu. Kyanwa ta karɓe su, tana ba su nono kamar ita ta haife su. Mutane suka yi ta zuwa kallo, har kyanwar ta ji tsoro kada a cuce su, ta kwashe su ta ɓoye a cikin rufin ɗaki, inda ɗaya ya mutu. Yau in kun je Selbon ba za ku ga jan kuregen nan ba. Daga 1876 aka fara kawo wani kurege mai launin toka daga Amurka, ya yaɗu, ya kore jan daga yawancin ƙasar Ingila.

A 1767 aka kawo masa waɗansu ɓeraye 'yan mitsi-mitsi daga gonar alkama, irin waɗanda babu littafin da ya bayyana su sosai kafin wannan lokaci. Ya ɗora biyu a ma'auni, ya ga nauyinsu duka bai wuce na ƙaramin kuɗin tagulla ɗaya ba, wanda ake kira sisin kwabo. Aka kuma kawo masa sheƙarsu, wadda aka samu a rataye sama da ƙasa a cikin gonar. Da ganyen ciyawa aka saƙa ta, dunƙulalliya kamar lemo, da 'ya'ya takwas a ciki. Ya gangara ta a kan tebur, ba ta warware ba, ko ɗa ɗaya bai faɗo ba.

Akwai waɗansu ƙananan tsuntsaye masu ruwan ganye da suke zuwa Ingila in sanyi ya wuce. Masanan zamanin sun gauraya su, domin a ido kusan kamarsu ɗaya. Gilbat ya yi shekaru yana sauraronsu. Ya ji wani sauti biyu kurum yake maimaitawa, wani yana rera waƙa mai taushi, wani kuma yana karkarwar murya daga ƙwanƙolin itace. Ta haka ya tabbatar iri uku ne, kuma masana na yau sun gaskata shi. Da kunne ya gano abin da ya ɓace wa masu duba matattun tsuntsaye a cikin akwati.

Mujiya kuwa, wadda mutane da yawa suke ƙi ba gaira ba dalili, ya ga amfaninta da idonsa. Akwai fararen mujiyoyi biyu da suke sheƙa ƙarƙashin rufin majami'ar garin. Da yamma yakan tsaya a kan tudu da agogo a hannu, yana kallonsu suna shawagi bisa gonaki. Ya ga kusan kowane minti biyar ɗayansu yakan komo wa 'ya'yan da ɓera. Ku yi lissafi da kanku, ku ga ɓera nawa ke nan cikin sa'a ɗaya, sa'an nan ku tuna da hatsin da ɓera yake ɓarnatarwa a rumbu.

Ya so ya san zaman gyare a cikin raminsa. Da fari ya sa shebur ya tona, amma ko dai ya kasa kai ƙarshen ramin, ko kuwa ya murƙushe gyaren garin tono. Da ya ga haka sai ya bar ƙarfi ya koma dabara. Ya sami siririn tsinken ciyawa mai laushi, ya zura cikin ramin a hankali, sai ga gyare ya fito da kansa lafiya lau.

Manoman Selbon sun tsani tana, suna zato ita ke cinye musu shuka. A 1777 Gilbat ya rubuta cewa tana abokiyar manomi ce. Tana huda ƙasa ta sassauta ta, ruwan sama ya sami hanyar shiga, saiwa ta sami hanyar bi. Tana jan busassun ganye zuwa cikin ƙasa, kashinta kuma taki ne mai kyau. Bayan shekara 104, watau a 1881, shahararren masanin nan Cals Dawin ya fid da littafi guda a kan tana, bayan ya yi shekaru yana gwaje-gwaje, ya nuna maganar gaskiya ce. Shi Dawin tun yana yaro ya karanta littafin Gilbat, shi ne ma ya sa ya fara lura da halayen tsuntsaye yana rubutawa. In kun je lambun albasa a Aliero, ko fadamar gulbin Zamfara a Jega, kuka ga tana cikin danshi, ku tuna aiki take yi wa mai gonar ba da lada ba.

Gilbat yana da wata gwaggo mai wani tsohon kunkuru, wanda mijinta ya saya wurin wani matuƙin jirgin ruwa a 1740. Duk sa'ad da ya kai mata ziyara yakan zauna ya kalli kunkurun. Ya lura ya san matar da take ba shi abinci, yakan nufo ta in ya gan ta, amma ba ruwansa da baƙo. Da gwaggon ta rasu a 1780, sai ya sa kunkurun cikin akwati da ƙasa, ya ɗauko shi tafiyar mil 80 zuwa Selbon. Yakan auna nauyinsa kafin ya shiga ƙasa barcin hunturu, ya sāke aunawa in ya fito. Ya yi masa ihu ta cikin bututu don ya ga ko yana ji, kunkuru bai kula ba. Ya sa shi cikin baho don ya ga ko yana iyo, sai ya nutse ya yi ta tafiya a ƙarƙashin ruwa, aka yi maza aka fid da shi. Kunkurun ya mutu a 1794. Ƙoƙon bayansa yana ajiye a gidan tarihin halittu na Landan, inda masana suka duba suka ga ashe mace ce, ko da yake sunan namiji aka sa mata, watau Timoti.

Akwai abu guda da ya dame shi har ya bar duniya bai warware ba. Tsattsewa takan cika Selbon lokacin ɗumi, in sanyi ya matso sai ta ɓace. Ina take tafiya? Manyan masana na zamanin sun ce wai cikin laka take shiga a ƙarƙashin tafki, ta yi barci har sanyi ya wuce. Ƙanen Gilbat, mai suna Jon, yana aiki a Jibralta, inda Turai ta kusa haɗuwa da Afirka, ya kuwa aiko masa da labarin cewa yana ganin tsuntsayen suna ƙetare teku. Gilbat ya yarda da yawa suna ƙaura, amma yana zaton waɗansu suna maƙalewa a ramummuka su yi barci. Bai tsaya ga zato ba. A 1781 ya ɗauki ma'aikata suka bincike kurmin da ke kan tudun garin, ba su sami ko ɗaya ba, ya kuwa rubuta a littafinsa cewa ba a samu ba. Wannan ita ce babbar ɗabi'arsa: abin da ya gani dabam, abin da aka gaya masa dabam, abin da yake zato dabam, ba ya gauraya su.

Amsar ta fito bayan rasuwarsa da shekara fiye da ɗari. A 1911 wani mutum a Ingila ya sa wa wata tsattsewa ɗan zobe mai lamba a ƙafa. A watan Disamba na 1912 aka kama ta a Natal, can Afirka ta Kudu, tafiyar kimanin mil 6,000. Yanzu an san tsattsewar Turai da 'yan tsuntsayen nan masu ruwan ganye suna ƙetare hamadar Sahara kowace shekara, waɗansunsu kuwa a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suke cin rani. Mai yiwuwa ne ɗan tsuntsun da kuke gani yana tsalle cikin gawo ko bagaruwa da hunturu, a Turai aka ƙyanƙyashe shi.

A 1783 wani hazo mai kama da hayaƙi ya rufe Ingila. Gilbat ya rubuta cewa ya fara ran 23 ga Yuni, ya kai 20 ga Yuli. Rana da tsaka takan yi dishi-dishi kamar wata cikin gajimare, da fitowarta da fāɗuwarta kuwa ja wur kamar jini, ga zafi mai ruɓar da nama cikin kwana ɗaya. Mutanen ƙauye suka tsorata. Masana na yau sun san dalili: wani dutse mai aman wuta ne ya fashe a tsibirin Aisland, nisan fiye da mil 1,000, iska ta kwaso hayaƙinsa. Cikin shaidun da suke dogara da su har da rubutun wannan na'ibin limami na ƙauye.

Gilbat yana aika wa waɗansu masana biyu wasiƙu a kan abin da yake gani, Tomas Penant da Dens Barintan. Aka yi ta roƙonsa ya tara su ya buga, shi kuwa yana jan jiki don kunya da son ya ƙara tabbatarwa. A ƙarshe littafin ya fito a 1789, a hannun ƙanensa Benjamin mai sayar da littattafai a Landan. Wasiƙu 110 ne a ciki a kan halittun Selbon, 44 zuwa ga na farko, 66 zuwa ga na biyu. Tun daga wannan shekara ba a daina buga shi ba, an sāke bugawa wajen sau 300.

Da tsufa ya zo, kurumta ta riƙa taɓa shi. Mutumin da ya rarrabe tsuntsaye da kunne ya wayi gari wani lokaci ba ya jin kukansu sam. Abin ya yi masa ciwo, amma idonsa yana nan garau, ya ci gaba da dubawa yana rubutawa. Ya rasu ran 26 ga Yuni, 1793, yana da shekara 72. Aka binne shi a maƙabartar Selbon, aka kafa ɗan ƙaramin dutse, babu kome a kansa sai haruffa biyu na farkon sunansa da ranar rasuwarsa. Gidansa da lambunsa suna nan, an mai da su gidan tarihi tun 1955.

Gilbat bai ƙetare teku ba, bai ga giwa ko zaki a daji ba. Kayan aikinsa ido ne, da kunne, da haƙuri, da alƙalami, kuma kowane ɗayanku yana da su. Ku sami ɗan littafi. Ku rubuta ranar da kuka fara ganin shamuwa bana, da ranar da ruwan fari ya sauka, da kwanakin da ke tsakani. Ku zauna shiru a bakin gonar gyaɗa da hantsi, ku ga yadda kurege yake miƙewa a kan ƙafafunsa na baya ya duba gabas da yamma, da inda yake kai abin da ya ɗauka. Ku sa kwanan wata a kan kowane abu, kada kuma ku rubuta sai abin da kuka gani da idonku. In shekara ta kewayo, ku gwada na bana da na bara.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Gilbat Wayit, kuma a wane gari?
2. Me ya sa ya ƙi karɓar limancin garuruwa masu albashi mai yawa?
3. Yaya kurege da ɓeran daji da ɗan tsuntsu suka bambanta wajen buɗe ɗan itace?
4. Wane amfani mujiya da tana suke yi wa manomi?
5. Ta yaya aka gano inda tsattsewa take tafiya?
6. Ku faɗi halittu biyar da kuke gani kusa da gidanku, da abin da kowace take ci.